Ƙidayar Bakin Tsaga

Ƙarfe biyar da rabi daidai take jan ƙofar gidanta, shi ya sa duk unguwar ke kiranta Agogo. Matan layinsu ba sa lalubar waya don su san lokaci. Da sun ji takunta ya wuce bakin famfo, sai su fara tashin yara. Shekara ashirin da biyu tana aiki a ɗakin wanki na babban asibitin da ke tsakiyar gari, kuma ba ta taɓa shiga mota don zuwa aiki ba, ko da yake mijinta tsohon direban bas ne.

"Kin auri direba kin ƙi mota," haka yake ce mata tana ɗaura ɗankwali. "Wannan ai cin fuska ne."

"Motarku sai ta zaga duniya kafin ta kai ni. Koma ka kwanta, Malam."

Unguwar tasu a bayan layin dogo take, can gefen gari. Wanda ya bi titi sai ya fara yin gabas kamar mai barin garin, ya hau gadar motoci, sannan ya juyo ya nufi ciki. Awa ɗaya da minti arba'in ke nan a ƙafa, ko kuwa mota biyu da jiran da ba a san ƙarshensa ba. Hanyar Agogo minti arba'in da biyar ce. Daga famfo ta gangara kwalbati, ta bi jikin katangar kamfanin ƙanƙara inda ruwan sanyi ke tsiyaya ko da rani, har ta kai wurin da katangar layin dogo ta rushe da faɗin mutum ɗaya da kayansa. Nan ake kira tsaga. Ta ratsa, ta duba hagu da dama, ta tsallake layin, ta hau 'yan matakala goma sha ɗaya da ƙafafun mutane suka sassaƙa a jikin tudu, ta faɗa bayan garejin makanikai. Daga nan sai lungun masu kayan miya, sai barandar gidan waya, sai ƙofar baya ta asibiti. Shida da kwata tana sa hannu a littafin zuwa aiki.

Ba ita kaɗai ba ce. Masu shara, masu gadin rana, 'yan dako, masu jinya da fararen takalmansu a leda, mai burodi da kekensa, duk nan suke bi, ba hayaniya, kowa barci bai gama sakinsa ba. A bakin tsagar kuma ɗan kawunta yake zama da akwatin gyaran takalmi. Ƙusa ake ce masa, don kullum da ƙusoshi uku a bakinsa, ta gefensu yake magana. Tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Ran wata Litinin, Ƙusa ba ya nan, ya tafi duba 'yarsa da ta haihu a wani gari. Agogo ta karyo kwanar kamfanin ƙanƙara sai ta hangi samari biyu tsaye a bakin tsaga, sanye da falmaran ruwan ɗorawa mai ƙyalli, kowanne da takarda a kan allo da wani ɗan ƙarfe a hannu. Bara waccan, masu irin wannan rigar ne suka yi kame a wurin. Suka tsare mutum goma sha tara a tasha har azahar, suka rubuta sunayensu, suka sa su tsintar ledoji a bakin layi, wai don sun tsallake ba bisa ƙa'ida ba. Tana cikinsu. Ranar ce kaɗai aka taɓa jan jan layi a ƙarƙashin sunanta a littafin asibiti, kuma har yanzu in ta tuna sai ta ji ɗaci a bakinta.

Ta juya da sauri, ta yi kiciɓis da mai burodi.

"Koma, koma! Sun dawo."

"Su wa, Yaya?"

"Masu rubuta suna. Har da allo yau."

Mai burodi bai tsaya tambaya ta biyu ba, ya juya keke. Ta tsaya a kan kwalbati tana tare mutane da hannu bibbiyu, wanda ta tare ya tare na bayansa. Maganar Agogo ba a musu da ita a unguwar. Kafin rana ta fito, labari ya shiga kowane gida. Kwana uku cur jama'a suka bi titi suka zaga ta gadar motoci. Ita kanta sai ta riƙa fita huɗu da rabi, ta dawo da gwiwoyi kamar an hura su, mijinta na ɗora mata tawul mai zafi yana cewa da ma ya faɗa.

Ran Alhamis masu falmaran suka ɓace. Aka koma tsaga ana murna. Mata suka yi ta yi mata godiya a hanya, mai burodi ya ba ta mai laushi ɗaya ya ce ko kusa kada ta taɓa jakarta.

Bayan mako biyu, tana dawowa daga aiki da la'asar, ta tarar da mutane cunkus a bakin tsaga. An manna takarda a jikin katanga, Ƙusa ya cire ƙusoshin bakinsa yana karantawa da ƙarfi, yana bin layin da ɗan yatsa. Za a shimfiɗa sabon layi na jirgi mai gudu. Za a ja shinge hagu da dama. Za a gina gadar masu tafiya a ƙafa, guda ɗaya tak, a inda mutane suka fi bi. An yi ƙidaya kwana uku a wuri biyu. A bakin babban titi an samu mutum dubu huɗu da wani abu. A tsaga an samu talatin da bakwai. Saboda haka gada a bakin titi za ta zauna, tsaga kuma za a toshe ta a ƙarshen wata.



"Talatin da bakwai?" in ji Ƙusa. "Ni fa takalmin da nake ɗinkewa kafin hantsi ya fi haka. Wace rana suka yi wannan ƙidayar? Ina kuka shiga?"

Sai idanu suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya.

Wata mai shara ce ta fara. "Ashe ƙirga mu suka zo yi."

"Mu kuma muka kwashi ƙafafunmu muka kai wa titi," in ji wani mai gadi. "Dubu huɗun nan ai mu ne. Mu muka cika musu lissafi da guminmu."

Ƙusa ya dubi 'yar gwaggonsa, ya dubi takardar, ya sake dubanta. "Ke? Kwana huɗu kacal na bar miki unguwa!"

Wani ya yi dariya, amma gajera ce. Mai burodi ya ce cikin sanyin murya, "Yaya, ni dai burodina ba zan ce a mayar ba." Shi ne ya fi yi mata ciwo.

Agogo ta wuce gida. Ta zauna a bakin gado ba ta ko cire mayafi ba. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Kwana uku kawai ta zaga ta titi gwiwoyinta suka kusa ƙin ɗaukarta, ina ga shekara biyu, safe da yamma? Motocin unguwar kuwa ba sa fara fita sai shida, lokacin da ya kamata a ce tana ƙofar asibiti. In an toshe tsaga, an toshe aikinta ke nan, da na mutanen da suka ji maganarta suka juya.

"Ki ci abinci tukuna," in ji mijinta.

"Malam, ina ne ofishin masu aikin layin nan?"

"Me za ki je yi? Takarda ta riga ta hau bango."

"Hannu ne ya manna ta."

Ya kwatanta mata, ta hanyar mota, da sunayen tashoshi. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Wato bayan gidan waya. To ka ce haka mana."

Washegari da ta tashi aiki ta tafi. Mai gadin ofishin ya ce injiniya ta fita. Ta zauna a benci har aka rufe. Ta koma ran Talata, aka ce ana taro. Ta sake zama, ta fito da wani zanen matashi da ta ɗauko don ta kama masa baki, ta yi ta ɗinki. Ran Laraba mai gadin ya gaji da ganinta, ya leƙa ciki ya ce, "Ranki ya daɗe, tsohuwar nan fa ta kusa ɗinke mana benci."

Injiniyar yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, da tabarau da manyan takalma masu ƙura. Teburinta cike da takardu, kofin shayi ya huce a kan wata taswira. Ta miƙe ta ba Agogo kujera, ta gaishe ta da ladabi, amma idonta na kan agogon bango.

"Inna, na san maganar tsaga ce. Mutum uku sun zo kafin ke. Ba ni na zaɓa ba, ƙidaya ce ta zaɓa."

"Ƙidayar ba daidai ba ce, 'yar nan."

"Yarana sun tsaya tun biyar na safe har shida na yamma, kwana uku. Ba su yi barci ba, ni da kaina na leƙa su."

"Ban ce sun yi barci ba. Yaranki sun yi aikinsu. Ni na kore mutanen."

Injiniya ta sauke tabarau. "Kika kore su?"

Agogo ta ba ta labari tun daga kamen bara waccan har zuwa kan kwalbati, ba ta rage komai ba, har da burodin. Tana magana tana kallon hannuwanta, waɗanda sabulu da ruwan zafi suka mayar farare a tafi. Injiniya ta so ta daure, ta kasa, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

"Yi haƙuri, Inna. Wato mutum dubu suka guje wa yara biyu da biro?"

"Ba biron ba ne. Rigar ce."

Injiniya ta jawo taswirar, ta ture kofin. "Duba nan. Ga unguwarku, ga layi, ga asibiti. A takarda babu hanya a nan. Fili ne fari."

Agogo ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa a kan farin wurin. "Nan akwai matakala goma sha ɗaya. Ta bakwai ta karye, ana tsallake ta. Nan wani makanike ya ajiye tsohuwar taya don kada a faɗa rami. Nan kuma in an yi ruwa, ta hagu ake bi."

Injiniya ta ɗago daga taswirar. Can ta ce, "Jibi Juma'a shugabana zai sa hannu. Yaran ƙidaya an sallame su. Ba ni da wanda zan tura."

"Ke ba ki da ƙafa?"

Mai gadi da ke bakin ƙofa ya yi tari. Injiniya ta dubi tsohuwar, ta dubi takalmanta na roba da suka sha faci har kala uku.

"Gobe biyar da rabi zan zo ni kaɗai. Amma ki ji sharaɗina. Kada ki tara mini jama'a. In na ga an kwaso tsofaffi da 'yan kallo ana zagayawa ana dawowa, zan naɗe takardata in tafi. Masu zuwa aiki kawai nake so, kamar kullum."

"Na ji. Ni ma ina da nawa. Kada ki sa rigar nan."

"Wannan kuma ba zai yiwu ba. Doka ce. Ba na tsayawa kusa da layi babu ita."

Da yammar nan Agogo ta bi gida-gida a layinsu da na bayansu. Ba taro ta kira ba, abu ɗaya take faɗa: gobe za ku ga mai falmaran, ku wuce abinku, ƙirga ce kawai. Wasu suka ce to. Wasu suka ce to ɗin da ta san ba to ba ce. Mai sharar nan ta tsaya a ƙofa da tsintsiya ta ce, "Gwaggo, ran nan kin ce mu gudu, yau kin ce mu zo. Wanne za mu riƙe? Ni sunana yana littafinsu tun wancan karon. Sun ce in aka sake kama mutum, kotu."

Agogo ta wuce gida na gaba.

Da safe ta ja ƙofa a kan lokaci. Niyyarta ta gaisa da injiniya, ta wuce aikinta, ta bar ƙidaya ta yi kanta. Ta tarar da ita tsaye a bakin tsaga, falmaran na ƙyalli a hasken fitilar kamfanin ƙanƙara, hular kwano a kai, ɗan ƙarfen ƙirga a hannu. Ƙusa na gefe yana jera kayan aiki, yana satar kallonta.

"Ina kwana, Inna. Ke ce ta farko." Ta danna ƙarfen, ya ce ƙas.

Agogo ta sa ƙafa ɗaya a cikin tsagar, sai ta waiwaya. Can a kwanar katanga mutane sun taru, sun yi cirko-cirko. Na gaba sun tsaya, na baya na leƙe ta kafaɗarsu. Tana kallo wasu biyu suka juya suka nufi titi. Wasu uku suka bi su.

"Ku taho mana!" ta ɗaga murya. "Ba kamu ba ne!"

Ba wanda ya motsa. Wani daga baya ya ce, "Fara wucewa mu gani!"

"In na wuce ai ba za ku ga abin da ya same ni ba, shashasha!"

Injiniya ta duba agogon hannunta. "Shida saura kwata, Inna. Ba za ki makara ba?"

Agogo ta dubi matakalar da ke tsallaken layi. In ta tafi yanzu, da ɗan sauri, za ta sa hannu a kan lokaci. Ta janye ƙafarta daga tsagar.

"Zan tsaya tare da ke."

"To sai dai ki sa wannan. Duk wanda zai tsaya nan da ni, sai da ita." Injiniya ta zaro wata falmaran daga jaka, da hular kwano.

Rigar ta 'yan samari ce. Agogo ta zura hannu ɗaya da kyar, ta zura na biyu, rigar ta tsaya mata a hamata a kan mayafi, ta ƙi haɗuwa a gaba ko da taƙi ɗaya. Hular kuwa ta zauna a ƙolin ɗankwali kamar an kifa kwano a kan tulu.

Ƙusa ya ɗago kai. Ƙusoshin nan uku suka zubo ƙasa. Ya riƙe ciki, ya kwanta a jikin akwatinsa, yana dariya har da buga ƙafa.

"Wayyo Allah! Jama'a ku zo ku ga hukuma! An ba 'yar gwaggona muƙami! Ranki ya daɗe, a yi mana sassauci, mu talakawa ne!"

"Za ka ci gidanku. Kai zan fara rubutawa."

"Da wane biron? Hannunki ma ba ya sauka!"

Dariyarsa ta kai har kwana. Mai burodi ne ya kasa haƙuri, ya turo kekensa a hankali, yana tafe yana shirin juyawa. Da ya matso ya gan ta sosai, sai ya jingina keken da katanga don kada ya faɗi.

"Yaya, ke ce?"

"Ni ce. In kamu ake yi, ni zan kama ka, kuma ka san ba na gudu. Wuce ka kai wa mutane burodinsu."

Ya ɗaga keken ya ratsa. Ƙas. Ya tsaya a tsallaken layi yana shafa jikinsa kamar mai neman inda aka taɓa shi. Sannan ya juyo ya ɗaga hannu biyu. "Ba komai! Wallahi ba komai! Ku zo ku ga Agogo!"

Ganin Agogo ne ya kawo su, ba ƙidaya ba. Suka taho ɗaya-ɗaya, sannan biyar-biyar, sannan layi ya miƙe har kwalbati. Wani ya ruga ya kira waɗanda suka nufi titi. Kowa ya iso sai ya yi dariya, ko ya sara mata kamar soja, ko ya ce a taimaka a rage masa tara. Ita kuma ta tsaya ƙyam, hula na karkacewa, tana gabatar da su ga injiniya ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan mai gadi ne a banki, shekararsa tara a hanyar nan. Wannan tana jinya a ɗakin yara, in ta makara na dare ba sa tashi. Wannan ɗan dako ne, da bayansa aka gina rabin kasuwa. Waccan mai tsintsiyar, sunanta na littafinku, ta ce kotu za ku kai ta."

Mai sharar ta wuce da sauri tana rufe fuska da gefen mayafi. Ƙas.

"Shi ke nan kotun?" ta tambaya daga tsallake.

"Shi ke nan. An yanke miki hukuncin zuwa aiki."

Wani dattijo mai sanduna biyu ya iso, mutum biyu suka ɗaga shi ba tare da ya roƙa ba, suka haye da shi matakala. Injiniya ta bi su da ido, ta rubuta wani abu. Mai kura ya zo da buhunan albasa, aka sauke, aka miƙa ɗaya-ɗaya ta tsagar, aka karkata kurar aka zura ta. Ta sake rubutawa. Wajen bakwai ta mayar da ƙarfen hannun hagu tana yarfe na dama. Bakwai da rabi ta miƙa wa Agogo.

"Inna, taimaka. Babban yatsana ya mutu."

Ƙarfe takwas layin ya tsinke. Injiniya ta karɓi ƙarfen ta duba, ta goge gilashinsa da gefen riga ta sake dubawa. Dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu.

"A awa biyu da kwata," ta ce, kamar da kanta take magana. Sai ta ɗago. "Amma shugabana zai ce shiri ne. Zai ce kin tara su."

"To zo mu tafi. Ai na ce kina da ƙafa."

Suka ratsa tare. Agogo ba ta yi dogon bayani ba, nuni kawai take yi. Gefen tsagar, daidai kafaɗa, inda bulo ya yi baƙi ya yi santsi saboda dafawar hannu. Ƙarfen layi da ya yi ƙyalli a wuri ɗaya inda takalma ke gogarsa. Matakalar da tsakiyarta ta lotsa kamar cokali. Injiniya ta durƙusa ta sa tafin hannu a cikin lotsawar ta huɗu, ta ɗauki hoto, ta ɗauki na bulon. A bayan gareji ta ga tayar da ke kan rami. A lungun masu kayan miya ta ga duk tebura sun juya wa titi baya, sun fuskanci 'yar hanyar da taswira ta ce babu.

"Wannan ba a yin sa a kwana ɗaya," ta ce.

"Ko a shekara ɗaya."

Tara saura suka isa ƙofar baya ta asibiti. A nan ne Agogo ta tuna har yanzu da hular a kanta, ta bi ta tsakiyar gari da ita. Ta cire ta miƙa. Injiniya ta ce za ta shiga ta yi wa shugabar ɗakin wanki bayani, Agogo ta ce a'a, ta je ta yi nata aikin, Juma'a gobe ce.

Ɗakin wanki ya ɗauki zafi, injina na juyi, zannuwan gado sun taru a kwandonta. Shugabar na zaune da littafi a buɗe da jan biro.

"Lafiya? Har mun ce a kira gida."

"Lafiya lau. Makara na yi."

"Kin san sai na ja."

"Ja shi da kyau. Wannan nawa ne, da ƙafata na tsaya na same shi."

Ran Juma'a ba a sa hannu ba. Mako na gaba aka dawo da samarin nan biyu, suka sake tsayawa kwana uku. Wannan karon har ruwan sanyi ake kawo musu, wani mai gadi ma ya so ya wuce sau biyu, Agogo ta kamo shi ta riga ta ce kada ya ɓata musu lissafi. Aka cire takardar bango aka manna sabuwa. Ƙusa ya karanta ta sau uku, na ukun ba wanda ya roƙe shi. Gada a bakin tsaga. Ba matakala kaɗai ba, har da gangare a gefe don keke da kura da mai sanda. Kafin a gama, za a bar tsagar a buɗe, da ma'aikaci mai tuta yana tsallakar da mutane.

Wata tara aka yi ana aiki. Ranar da aka buɗe, mijinta ya riga ta ɗaura takalmi.

"Ina zuwa, Malam?"

"Zan ga abin da ya fi mota."

Ya bi ta yana haki tun daga kwalbati. Ƙusa ya riga ya kafa akwatinsa a gindin gadar, ya tashi tsaye ya sara mata, ƙusoshi a baki. Suka hau ta gangaren, a hankali saboda gwiwarta. A sama ta tsaya, abin da ba ta saba ba. Daga nan ana ganin hanyar gaba ɗaya, tun daga famfo har rufin asibiti, siririya, cike da kawunan mutane. Jirgin safe ya taho da gudu ya wuce ta ƙarƙashinsu, gadar ta ɗan yi rawa, ba wanda ya tsaya duba hagu ko dama.

"To," in ji mijinta, yana riƙe da ƙarfen gefe. "Ba laifi. Amma komawa fa mota zan shiga."

Da ta isa asibiti ta duba agogon bango: shida da minti goma sha takwas. Gadar ta ƙara mata minti uku. Washegari ta ja ƙofa biyar da minti ashirin da bakwai. Matan layin suka ji takunta a bakin famfo, suka tashi yara, kuma har yau ba su san an rage musu barci ba.